Hamidu Mai Tafireta da Wasiƙar Asta

Duk wanda ya san Illela a shekarun alif ɗari tara da tamanin ya san rumfar Hamidu mai tafireta. Rumfar kara ce, jingine da katangar shagon wani tela, a kan hanyar da ta tashi daga tashar mota zuwa kasuwar dabbobi. Babu komai a cikinta sai tebur ɗaya, da bencin baƙi, da tulun ruwa, da injin buga rubutu wanda ake lulluɓewa da tsohon ɗankwali idan ba a aiki. A jikin katangar kuma an rataye wani shuɗin ƙyalle mai aljihu huɗu. Baƙo kan ɗauka injin nan shi ne sana'ar Hamidu, amma mutanen gari sun san cewa rabin sana'ar tana jikin ƙyallen.

Hamidu haifaffen Garu ne, ɗan wani manomin gero da albasa. An saka shi makarantar boko ne a shekarar da aka ce kowane ƙauye ya ba da yara, mahaifinsa kuwa ya ba da shi domin shi ne mafi ƙarancin ƙarfin noma a cikin 'ya'yansa. Da ya gama firamare aka ɗauke shi masinja a wani ofishin rajista a Sakkwato, inda ya yi shekara goma sha ɗaya yana ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. A can ya koyi buga tafireta, a lokacin da akawuna suka fita cin abinci. A can kuma ya ga abin da ya zauna masa a rai har tsufansa. Wani abokin aikinsa ya leƙa fayil a hanya, ya ga za a sauke wani dattijo daga aiki, ya kasa riƙe bakinsa, har labarin ya isa gidan dattijon kafin shi kansa ya ji. Hamidu ya ga yadda mutumin ya shigo ofis washegari yana gaishe da kowa, kowa yana sunkuyar da kai. Tun daga ranar ya ɗaukar wa kansa alkawari cewa takardar da ba tasa ba, ba zai buɗe ta ba.

Da mahaifinsa ya rasu ya ajiye aiki ya dawo gida saboda gona da tsohuwarsa. Ya zo da tsohuwar tafireta wadda ofishin ya yi ritaya da ita, ƙararrawarta ta mutu, don haka a ƙarshen kowane layi shi ne yake ƙyasta harshe da kansa kafin ya tura kan injin ya koma farko. Da damina yana Garu, da rani yana rumfa, har daga baya rumfar ta cinye shi, ya bar wa ƙannensa gonar, ya tare a Illela da matarsa Saudatu.

Garin kan iyaka ba kamar sauran garuruwa ba ne wajen takarda. A rana ɗaya za a kawo wa Hamidu sammacin kotu, da katin asibiti, da wasiƙar ɗan ci-rani daga Ikko, da takardar makaranta daga Ƙonni ta ƙasar Nijar, da saƙon wani malami daga Agadas. Waɗansu masu rubuta wasiƙa a wasu garuruwa, in an kawo musu abin da ba su iya ba, sukan yi ta kame-kame, su ƙirƙiro wa mutum magana don kada a ce sun gaza. Hamidu bai taɓa yin haka ba. Turanci da Hausar boko nasa ne, shi yake karantawa, shi yake buga amsa. Sauran kuwa kowanne da mai shi, kuma kowane mai shi da aljihunsa a jikin ƙyallen. Aljihu na farko na Maharazu tela ne, mai shagon da rumfar ke jingine da shi, wanda ya yi karatun lakwal, wato bokon Faransa, a Ƙonni yana yaro, shi ke da Faransanci. Na biyu na Malam Junaidu ne, mai zaure a bayan masallacin tasha, shi ke da ajami da Larabci. Na uku na Tasalla ce, ma'aikaciyar disfensare, domin rubutun likita ba ya karantuwa sai a wurinta. Na huɗu na Mukhtari ne, tsohon magatakardan kotu, wanda ya san abin da takardun shari'a da na gona suke nufi, ba abin da suka faɗa kawai ba.

Abin da Hamidu yake alfahari da shi, ko da yake ba ya furtawa, shi ne cewa daga bayan takarda yake gane ta wane ce. Ya dubi kan sarki, ya dubi launin ambulan, ya dubi yadda aka karkata rubutun adireshi ko yadda aka ninke takardar, sai ya miƙa hannu ba tare da ya waiwaya ba ya jefa ta aljihunta. Sa'an nan ya gaya wa mai ita lokacin da zai dawo, ko kuma ya tashi da kansa ya raka shi. Ƙa'idarsa ita ce, wanda zai karanta shi ne zai yage ambulan, kuma a gaban mai takarda. Idan an fara karatu Hamidu yakan koma nesa ya ba su baya.

Shi da Maharazu taubasai ne, uwar wannan ƙanwar uban wancan, saboda haka ba a taɓa miƙa takarda tsakaninsu ba tare da tsiya ba.

"Mushe," in ji Hamidu, yana kwaikwayon yadda masu Faransanci ke kiran namiji, yana buga katanga da tafin hannu, "aje allura, ga mutanenka sun aiko da yaren hanci."

"Kai dai ka ji kunya," in ji Maharazu daga ciki, keken ɗinkinsa bai tsaya ba. "Shekara goma sha ɗaya cikin birni, ka komo da harshe guda da tsohon ƙarhe. Ni da ban wuce Ƙonni ba kullum kana bakin ƙohwata."

"Harshen da sai an toshe hanci ake yi nai, mi za ni yi da shi?"

"Turo min mutumin, bawana. Kai kuma juya baya awa yadda ka saba."

Haka aka yi shekara goma sha bakwai, babu wanda ya taɓa zuwa ya ce an ji sirrinsa a kasuwa.

A bazarar shekarar tamanin da biyar abubuwa suka taru. Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, dabbobi sun rame, ga iyaka a rufe tun bara, mota ba ta ƙetarewa, sai masu jakai da kekuna da ke bi ta daji suna wasan ɓuya da masu sintiri. Ta wannan hanyar Maharazu ya tafi Ƙonni gaishe da yayarsa da ba ta da lafiya, jakin da ya ara ya kayar da shi a wani kwazazzabo, ƙafarsa ta karye. Aka ɗaure shi a can, aka aiko cewa sai ya yi kwana arba'in bai taka ba. Aljihunsa ya fara kumbura da takardu masu jiran dawowarsa.

Ana cikin haka, wata ranar Talata da hantsi, Asta ta sauke ƙwaryarta a bakin rumfa. Asta Bafillatana ce daga wata ruga kusa da Gidan Katta, ta haura shekara sittin, doguwa, ba ta da yawan magana. Ita ke kawo wa Saudatu nono tun zuwansu garin, amma ba ta taɓa zama a kan bencin Hamidu ba. Ranar ma ba ta zauna ba. Bayan gaisuwa ta kwance bakin zanenta ta fito da ambulan mai ratsin shuɗi da ja a gefe.

"Mai unguwa ya ba ni wagga. Ya ce tawa ce."

Hamidu ya karɓa ya juya ta sau ɗaya. Kan sarkin Nijar ne, hatimin gidan wayar garin Tawa, adireshi da Faransanci, an rubuta shi da kyakkyawan hannun akawu, har da lambar bakwai mai sanda a tsakiya irin tasu. Babu abin tambaya.

"Goggo, wagga ta Maharazu ce, ga shi kuwa shina Ƙonni kwance. Da gaggawa?"

Asta ta dubi hanyar kasuwa. "A'a. Babu gaggawa. Takarda ce dai."

"Kin san wanda ya aiko ta?"

"Wa ya sani? Mutane da yawa a can."

"To, in aje miki ita, ko ki tahi da abinki sai ya komo?"

"Aje ta wurinka, Malam. Can gida awaki na cin takarda."

Ya jefa ta aljihun Maharazu, ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce. Bayan wannan, duk ranar da ta shigo gari takan bi ta gaban rumfar, ta tsaya ta gaishe shi, ta tambayi gajiya, ta tambayi ƙafar tela. Idonta yakan kai ga shuɗin ƙyallen ya dawo. Hamidu yakan ce ƙafa da sauƙi, sai haƙuri. Ita kuma ta ce babu komai, ai ba gaggawa. Shi mutum ne da yake ɗaukar magana yadda aka faɗe ta, domin haka aikinsa ya koya masa.

Ranar Alhamis ta mako na uku ya koma gida cin abincin rana, ya tarar Saudatu ta ajiye masa fura ta zauna a gefe ba ta tashi ba, abin da ba ta saba yi ba.

"Malam, wace takarda ce Asta ta ba ka?"

"Kin san ba ni maganar takardun mutane cikin gida."

"Ban ce ka hwaɗa min abin da ke ciki ba, tunda kai ma ba ka sani ba. Daga ina ta hito?"

Ya ɗauki ludayi. "Tawa."

Saudatu ta tafa hannu. "Wayyo ni! Kuma kana zaune kanta kwana goma sha shida? Boyi hwa can ya yi da garkensu tun daminar bara waccan, wajen dangin matarsa. Tun da anka ruhe iyaka ba wanda ya ji ko shina raye."

"Wane ne Boyi?"

"Ɗanta na hwari, Malam! Shi kaɗai gare ta namiji."

Hamidu ya ajiye ludayi. "Na tambaye ta da bakina. Ta ce ba ta san mai aikowa ba. Ta ce babu gaggawa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba."

"To mi kake so ta ce? Ka taɓa jin Bafillatana ta kama sunan ɗan hwarinta? Ko wuta ya hwaɗa, in da mutane, cewa za ta yi a duba tukunya kada ta ƙone. Mu ma nan muna kunyar ɗan hwari, balle su. Shekara nawa tana kawo min nono, ban taɓa jin ta ce tana da ɗa ba, sai wurin matan rugarsu na ji. Don mi kake zaton ta ƙi barin takardar a gida? Awaki? Kada a gan ta tana jujjuya ta ne."

Ba ta tsaya nan ba. Ta gaya masa abin da matan rugar suka gaya mata da safe: Jaɓɓo, ƙanen Asta, wanda take zaune a hannunsa, ya yanke shawarar tashi da 'yan shanun da suka rage zuwa kudu, inda aka ce an fara samun ruwa. Ranar Lahadi za su ci kasuwa, Litinin da asuba su kama hanya, kuma ba su sa ranar dawowa ba. Idan Asta ta bi su, ɗanta ya dawo, kangon ruga zai tarar. Idan ta zauna, ga tsufa ga kaɗaici, kuma wataƙila tana jiran wanda ba zai zo ba. Amsar tana cikin ambulan, ambulan tana jikin katangar Hamidu.

Bai ƙarasa furar ba. Ya koma rumfa ya ciro wasiƙar daga cikin 'yan'uwanta, ya ajiye ta a kan tebur, ya daɗe yana kallonta.

Ranar Juma'a ya yi ta yawon neman mai Faransanci. Wani direba da iyaka ta rutsa da shi a tasha yana jin harshen kamar ruwa, amma da aka nuna masa adireshin ya ce shi a baki ya koya, bai san ko harafi ɗaya ba. Malamin da ke koyar da Faransanci a makarantar sakandare ya tafi hutu garinsu. Aka ce akwai wani jami'i a shingen iyaka da ya iya, Hamidu ya kama hanya har ya hango shingen, sai ya tsaya. Wasiƙar makiyayi ce da ya ƙetare da shanu, kuma mai yiwuwa tana faɗin ta inda zai biyo ya dawo da su. Ba a kai wa mai kaki irin wannan. Ya juyo.

Da la'asar dabara ta zo masa, kuma ba ta yi masa daɗi ba, domin tana buƙatar ya karya abu biyu da bai taɓa karyawa ba. Faransanci da haruffan boko ake rubuta shi. Ko bai san ma'ana ba, yana iya kwafe shi harafi bayan harafi a kan tafireta. Sai ya bar wa Asta ta asalin, ya ninke kwafin a cikin hularsa, ya hau keke ya bi ta daji zuwa Ƙonni, Maharazu ya fassara masa daga kwance, ya dawo kafin kasuwa ta watse. In masu sintiri sun tare shi sun ƙwace takarda, kwafi suka ƙwace. Amma kafin a kwafe sai an buɗe, kuma shi da ya yi wa hukuma aiki shekara goma sha ɗaya bai taɓa tsallake dokarta ba.

Ranar Asabar ya hau keke zuwa rugar. Ya tarar an fara kwance bukkoki, an tara tabarmi da turame a gindin wata ƙirya. Ya gaisa da Jaɓɓo, ya ce Saudatu ce ta aiko shi da saƙo wurin mai nononta. Da aka nuna masa inda take wanke ƙore, ya durƙusa nesa kaɗan ya yi ƙasa da murya.

"Goggo, takardar nan ta cika min aljihu, ina son in rage kaya. In kin yarda, ki zo gobe da sassahe in buɗe ta gabanki, in kwahe, in kai wa tela."

Asta ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da cuɗa ƙwaryar da ta riga ta fita. "In ta dame ka, Malam, sai a yi hakan. Don kai."

"Don ni," in ji Hamidu.

Ranar Lahadi, tun kafin masu dabbobi su gama shigowa, tana bakin rumfa. Wannan karon ta zauna a ƙarshen benci. Hamidu ya yaye ɗankwalin injin, ya saka farar takarda, ya gyara ta ta miƙe. Kekensa na jingine, ya sha iska, da gorar ruwa a ɗaure. Ya ɗauki wuƙar fiƙe fensir, ya yi bisimilla, ya tsaga bakin ambulan a hankali.

Ya zaro takardar ya warware. Ba farar takardar akawu ba ce, fallen littafin makaranta ne, kuma rubutun da ke kai da tawadar allo aka yi shi, da alƙalamin kara, daga dama zuwa hagu. Ajami ne tun daga bisimilla har ƙasa. Akawun gidan waya adireshi kawai ya rubuta.

Hamidu ya ajiye wuƙar, ya waiwaya ya dubi aljihu na biyu. Daga rumfarsa zuwa zauren Malam Junaidu bai fi taku hamsin ba, kuma a cikin kwana goma sha taran nan babu ranar da malamin bai wuce ta gabansa ya yi masa sallama ba.

"Lahiya, Malam?" in ji Asta. Muryarta ba ta canza ba, amma ta kama bakin bencin da hannu biyu.

"Lahiya lau, Goggo. Ban karanta ba, ba tawa ba ce. Ba ta tela ba ce kuma. Tashi mu tahi."

Suka tarar da Malam Junaidu yana shan inuwa a ƙofar zaure. Tsoho ne mai son raha, da ya ga ambulan a yage a hannun Hamidu sai ya ɗaga gira.

"Yau kuma wace rana? Hamidu da buɗaɗɗiyar takarda? Ko tashin duniya ya zo ban ji ba?"

"Allah gafarta Malam, a yi min tsiyar daga baya, na cancanta. A duba wa baiwar Allah wagga."

Malamin ya sa tabarau, ya karɓa, ya karanta bisimilla da sallama ba tare da tangarɗa ba. Daga nan ya tsaya. Ya matso da takardar, ya nisanta ta, ya motsa leɓe.

"Haruffan nawa ne, amma maganar ba tawa ba ce. Wanga ba Hausa ba ne, ba Larabci ba. Hillanci ne, ni kuwa daga gaisuwar jam tan ban san komi ba."

Hamidu ya dafe kai. Yana shirin tambayar ko akwai malamin Fulani a kasuwa, sai Asta ta yi magana daga inda ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Malam ya hwaɗi abin da ya gani dai. Ni ina ji."

Haka aka yi. Malam Junaidu ya riƙa furta kalmomin da bai san ma'anarsu ba, a hankali, yana bin layi da yatsa. Inda ya karkace, Asta ta gyara masa da kalma ɗaya, ya maimaita, ya ci gaba. Hamidu ya tashi zai ba su baya yadda ya saba, sai ya tuna babu abin da zai ji, ya koma ya zauna. Su biyu suka zuba wa fuskar tsohuwar ido, domin nan ne kaɗai za su iya karanta wasiƙar, fuskar kuwa ba ta ba su komai ba. Kanta a sunkuye, tana zane a ƙasa da tsinke. Sau ɗaya tsinken ya tsaya, ta ce Allah ya mayar da alheri, ba su san na mene ne ba. Can kusa da ƙarshe ya sake tsayawa.

"Malam ya koma wurin nan."

Ya koma. Ta ce ya ƙara. Ya ƙara, har sau uku, sa'an nan ya kai ƙarshe ya shafa addu'a.

"To," in ji Asta. Ta karɓi takardar ta ninke, ta ɗaure a bakin zane.

Malam Junaidu ya kasa daurewa. "Haba, baiwar Allah! Kin sa ni na yi ta zuba awa aku, ko albishir babu? In yi ta'aziyya ko in yi barka?"

"Shanu sun mutu da yawa," in ji ta. "Saura na nan. Masu kiwonsu lahiya lau."

Hamidu ya sauke numfashi. Ya matso ya durƙusa a gabanta, shi da furfurarsa. "Goggo, ki yahe min. Na dubi bayan takarda na yanke hukunci, na sa ki jiran da babu dalili."

"Ni na ce maka babu gaggawa."

"Ni ya kamata in ji abin da ba ki ce ba."

Ta miƙe ta ɗora ƙwarya a ka. Sai da ta daidaita ta sa'an nan ta dube shi, karo na farko ido cikin ido, kuma ya ga bakinta yana so ya kubce mata.

"Hilin nan na bayan gidanku, inda Saudatu ke shanya, shina ɗaukar bukka guda?"

"Har biyu."

"To, bari in iske Jaɓɓo kasuwa, ya ware min saniya biyu masu tatsa. Ba ni zuwa kudu."

"Ke kaɗai za ki zauna?" in ji Malam Junaidu.

Ɗa ba a kama sunansa, amma jika abokin wasa ne, kaka tana iya shelarsa a tsakiyar kasuwa ta kira shi mijinta, babu mai ganin laifinta. Asta ta saki dariyar da ta riƙe tun layin da aka maimaita mata.

"Ni kaɗai? An yi min sabon miji a Tawa, Malam, watansa biyar, an ce ƙato ne, baƙi, mai ci. Da ruwan hwari ya sauka za a kawo min shi. In tahi kudu ya zo ya iske ba ni, wata ta ƙwace min?"

"Wa zai kawo shi?" in ji malamin, yana ƙunshe dariya.

"Masu kawo shi," in ji Asta, ta juya ta nufi kasuwar dabbobi da sauri irin wanda ba a san ta da shi ba.